Wayoyi Uku da Modu Ya Naɗe

Mariya, ke kika tayar da wannan magana ranar sunan ɗan Aisa. Kin same ni a zaure idonki jawur, wai wata mata a cikin taro ta ce kakan jaririn ɗan daji ne, wato cikin 'yan bindigar da suka tayar da yaƙi, shi ya sa sojoji suka tafi da shi. Na ce ki share, kika ce ba za ki share ba sai na faɗa muku yadda aka yi. Kin fi ni gaskiya. Ku da Aisa da ƙannenta kwano ɗaya kuka ci, kun san uwarsu Yagana kamar yadda kuka san uwarku Falmata, amma ubansu Modu ba ku san shi ba sai a bakin mutane, bakin mutane kuwa ba ya rasa abin taunawa. To ga shi zan rubuta muku. Sai dai ku sani tun yanzu, ni da aka yi abin a gabana ma ban gama gane shi ba.

Kun san daga Damagaram na zo Diffa ina saurayi, ina jan motar wani Alhaji muna kwaso tattasai daga bakin Komadugu. Da Allah ya hore na sayi tawa, tsohuwar katkat ta daji, irin wadda tayoyinta huɗu duk suke ja, ta kuma girmi aurena da uwarku nesa ba kusa ba. Jikinta ƙarfe ne na gaske, yashi ba ya ba ta tsoro, amma in ka shiga ciki babu abin da ke aiki sai sitiyari da birki da giya. Allurar kontar, wadda ke nuna gudun mota, a kwance take tun ranar da wani kututture ya tsinke igiyarta a hanyar Tumur. Ban gyara ba, ban ma taɓa tunanin gyarawa ba. A tasharmu da wuya ka sami direban da allurarsa ke motsi, kuma da ka tambaye mu amfaninta da mun ce maka ado ce. Ni da ƙofar baya nake auna gudu. In ta fara kaɗawa na san tafiya ta yi daidai, in ta fara kuka sai in ɗaga ƙafa.

Sai shekarar nan ta zo da yaƙi ya ƙetaro kogi, aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi, mutanen bakin ruwa suka watso gefen gudron, babbar hanyar kwalta, suna kafa bukkokin kara da leda. Tsoho da mara lafiya da mai jego, kowa mota yake nema, ga baburan da suka saba ɗaukarsu an jingine su a ɗaka. A daidai wannan lokaci, da duk mai ƙafa huɗu ya zama abin nema, injin motata ya buga. Na zauna a gida ina kallonta a ƙofa, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, uwarku tana auna gero da ƙaramin kwano tana kallona ta gefen ido.

Modu makanike ne daga Damasak, can ƙetaren iyaka. Ya ƙetaro kogi da matarsa da 'ya'yansa da buhun sifanu a ka, ya bar garejinsa yana cin wuta. Falmata ce ta gamu da Yagana a famfo, suka yi Barbarci, kafin in ankara an share musu ɗakin da ke kusa da zaure. Gajere ne, mai yawan dariya, ba ya taɓa inji sai ya ɗora masa sukundireba ya kara kunne tukuna. Shi ya samo mini wani inji a wajen masu sayar da ƙarafa, na wata mota ta zamani da ta yi hatsari, jikin ya murƙushe amma injin lafiya lau. Babu takarda. A lokacin wa ke tambayar takardar inji? Ya yi kwanaki a gindin bishiyar bedin bayan tasha yana yanka yana walda, har ya zaunar da sabon injin a cikin tsohuwar mota ya haɗa shi da tsohon akwatin giya. Sannan ya fito da wani baƙin akwati mai kamar sabulun wanki biyu a haɗe, wayoyi sun fi gashin kai, ya ɗaure shi da roba a ƙarƙashin dashbod wajen ƙafar fasinja.

"Yaya Habu, wannan inji ba irin naka ba ne fa. Naka jaki ne, wannan ɗan makaranta ne. Yana da birenbos."

"Yana da me?"

"Ƙwaƙwalwa. Ita ke auna mai, ita ke ba da wuta. Kai dai taka kawai."

Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace ya sama mata gida, sai guda uku suka rage suna reto, ja da baƙa da ruwan ɗorawa. Na nuna masa su.

"Waɗannan na sensa ne, na allurar gudu," in ji shi. "Allurarka tana aiki?"

"Ka taɓa ganin ta motsa?"

"To ka gani."

Muka yi dariya. Ya naɗe bakinsu da baƙin salatif ya tura su can ciki. Da ya murɗa makulli injin ya tashi da wata murya mai laushi da ban taɓa jin irinta a motata ba, har direbobin tasha suka taru suna cewa Habu ya yi wa tsohuwa sabon aure. Na yi farin ciki ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Dole in gaya muku yadda baraj, wato shingen sojoji, yake a wannan zamani, don ku kun taso kun tarar abin ya yi sauƙi. A kan gudron, tsakanin Diffa da mararrabar Geskeru, sojoji sun jera ganguna. In ka hango gangar farko sai ka rage gudu, ka lallaɓa a hankali har ta biyu, ka tsaya inda aka nuna maka, fasinjoji su sauka su ɗaga riguna su wuce a ƙafa. Ba ka tsayawa kafin wurin, ba ka wuce wurin, ba ka buɗe komai sai an ce ka buɗe. Sojojin nan an sha kashe musu 'yan'uwa da motoci masu ɗauke da mugun kaya, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tafiyata ta farko da sabon inji, motar ta yi ta shan hanya kamar ba ita ba. Na hango ganga, na ɗaga ƙafa, na taka kuloci, sai kawai na ji shiru. Injin ya mutu. Birki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, mota cike da mutane tana gangarawa wajen bindigogi babu ko ƙara. Da ƙyar na tsayar da ita a tsakanin gangunan biyu, inda ba a tsayawa. Aka yi mini ihu, na ba da haƙuri, na yi ta murɗa makulli har ta tashi. Na ce a raina datti ne a mai.

A baraj na gaba ta sake. A hanyar dawowa ma haka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ta yin haka a ko'ina sai nan. A cikin gari lafiya, a cikin yashi lafiya, in Modu ya tayar da ita a gindin bedi sai ta yini tana aiki ba ko tari. Ya canza matatar mai, ya wanke tanki, ya sauya fulogi, ya kara kunne har kunnen ya yi baƙi, bai ji komai ba. Masu ba da shawara kuwa suka yi mana caa. Wannan ya ce famfon mai ne, wancan ya ce man bumburutu ne da aka gauraya, wani dattijo a tasha ya rantse cewa ƙwaƙwalwar tana jin na'urar sojoji ne take suma. Kakarku Iya, Allah ya jiƙanta, ita ba ta da shakka.

"Injin da ya kashe mai shi ne ka ɗauko ka sa a motarka, Habu. Yana ganin kaki yana tuna ranar. Ka yi sadaka."

Na yi sadakar. Na kuma rataya laya a madubi. Ta ci gaba da mutuwa a baraj kamar an yi mata alkawari, har sojojin hanya suka gane ni, wani ya ce mini in na sake tsaya musu a tsakiya ba da baki za su yi mini magana ba. Fasinjoji suka fara tsallake ni suna shiga motocin da suka fi tawa lalacewa. Sai Modu ya ce shi ba zai yarda inji ya raina shi ba, zai bi ni ya ji da kunnensa lokacin da take yin abin.

Da hantsi muka fita, shi a gaba kusa da ni. Ashe an canza mutanen baraj ɗin farko, waɗanda suka san ni sun tafi, kuma kwanan nan aka kai wani hari a can gabas, kowa ransa a wuya. Na hango ganga, na ɗaga ƙafa, ta mutu. Kafin in ce kada ka motsa, Modu ya riga ya dunƙule ƙarƙashin dashbod da ɗan ƙwan gwajin wuta a hannu, don shi abin da ke gabansa kawai ya kama ciwon kafin ya ɓuya. Ku tsaya ku kalli abin da idon soja: mota ta taho shiru, ta tsaya inda ba a tsayawa, mutum ya sunkuya yana haɗa waya. Harbi na ji a sama, sannan ihu, sannan ga mu duka kwance rubda ciki a kan kwalta mai zafi. Suka leƙa suka ga baƙin akwati ɗaure da roba, suka jawo suka ga wayoyi uku a naɗe ba sa zuwa ko'ina. Suka tambayi Modu takarda, ya miƙa ta gudun hijira, suka ji harshensa, suka ji garinsu. Fasinjoji aka sallama. Ni da shi da motar aka wuce da mu bariki.

Ni ban daɗe ba. Ina da katin ɗan ƙasa, mai unguwarmu ya zo ya tsaya mini, tasha duk ta san ni. Kafin a sake ni aka kai ni gaban wani ajidan, babban sojan wurin, dattijo mai furfura a gemu, idonsa kamar wanda ya manta yadda ake barci. Bai zage ni ba. Ya ajiye hularsa a tebur, ya kira ni direba da Faransanci ya ce:

"Shofer, masu duba bam sun duba, sun ce akwatin na inji ne. Bon. Wayoyin nan uku fa, ina za su?"

"Ranka ya daɗe, ya ce na allurar gudu ne."

"Haka ya ce mini ni ma. Na ja irin motarka tun ba ka yi gemu ba. Allurarta da igiya take aiki, ba da wuta ba. Ƙarya ne ko gaskiya?"

"Gaskiya ne."

"To don me zai yi mini ƙarya? Don me kuma motarka ba ta mutuwa sai a gaban yarana?"

Wallahi a wannan lokaci har zuciyata ta raya mini, shin na san Modu kuwa? Ban san shi ba sai daga famfo. Na ji kunyar tunanin tun kafin ya gama wucewa, amma ya zo, don zamanin haka yake, mutum yana zargin inuwarsa. Ajidan ya ce in dai wayoyin suna da inda suke shiga, in kawo abin ya gani da idonsa, in kuma nuna masa dalilin mutuwar motar. In na yi haka zai rubuta cewa makanike ne kawai. Ya ce in yi sauri, don ba shi kaɗai ke da magana a kan waɗanda ake tsarewa ba.

Na dawo gida na tarar an kasu biyu. Iya ta kama hannuna ta ƙi saki.

"In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya hiddo ka, za ka koma da ƙahwarka? Mota ce, bar musu ita. Gobe in sun ce ku biyu ne fa? Wa zai riƙe yaran nan?"

Uwarku ba ta saba mayar wa Iya magana ba, amma ranar ta durƙusa ta ce:

"Iya, ki yi haƙuri. Motarmu ya shiga. Da yana gindin bedinsa babu mai taɓa shi." Ta juyo gare ni. "Baban Mariya, in ka zauna, da wane ido za mu riƙa wucewa ta ƙofar ɗakin nan?"

Yagana tana tsakar gida tana shara, wuri ɗaya take ta maimaitawa, ba ta ɗago ba. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, shi ya sa abin ya yi mini wuya. Tsoro nake ji ƙwarai, kada wani ya gaya muku ubanku jarumi ne. Amma na kasa haɗiye tuwo ina jin tsintsiyar nan, sai na ce wa Iya ta yi mini addu'a kawai. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da baki sai da kai.

Na zaga garejin Diffa kaf. Da na fara bayani sai in ga mutum ya tuna yana da aiki a wani wuri. Labari ya riga ni zuwa, ba mai son a ce ya san wayoyin Modu. Sai na hau motar kasuwa zuwa Damagaram, wajen wani mai gyaran wutar mota da ake kira Sani, abokin ƙuruciyata. Na kwashe komai na gaya masa, har layar. Ya saurara yana goge hannu, sannan ya yi mini tambayar da ta sa na kusa tashi in bar masa wurin.

"Kontar ɗinka na aiki?"

"Sani, mutum na tsare, kai kana tambayata ado?"

"Zamna ka ji. Ƙwaƙwalwar nan makauniya ce, ba ta ganin hanya. Akwai wani ɗan ƙarhe, kaftar muke ce mishi, ana ɗaura shi a jikin buwat, akwatin giya ke nan, daidai inda igiyar kontar take shiga. Taya na juyawa, shi yana gaya mata ana tahiya, kuma ga yawan gudun. Wayoyinka uku nashi ne. In babu shi, a wajenta motarka kullum a tsaye take. Ka taho da gudu ka ɗaga ƙahwa, ta rage mai, ka taka kuloci, inji ya hwaɗo, ita ba ta san lokacin tare shi ya yi ba. Sai ya mutu."

"To don me sai a baraj?"

"Habu, ina kuma kake tahowa da gudu ka tsaya? A gari rarrafe kake, a yashi rarrafe kake. Gudron ne kaɗai wurin gudu, baraj ne kaɗai wurin tsayawa."

Na sa shi ya maimaita har ya gaji, don ina so in iya faɗa a gaban ajidan ba tare da na haɗa kai da ƙafa ba. Ban gane yadda akwati yake zama makaho ba, har yau ban gane ba, amma na gane abu ɗaya. A motocin zamani wayoyin nan su ne ke kai wa allura labari, don haka Modu bai yi ƙarya ba. A tsofaffi igiya ce ke juya allura, don haka ajidan ma bai yi ƙarya ba. Kowa ya faɗi abin da ya sani, ga mutum a kulle.

Kaftar ɗin kuwa ya zama aiki. Na sabuwar mota ba ya ɗauruwa a tsohon akwatin giya, sai wani na musamman da ake yi don irin wannan haɗe-haɗe. Muka zaga kasuwa muka samo guda, Sani ya gwada a wani tsohon akwatin giya irin nawa da ke yashe a garejinsa, baki bai yi daidai ba, wayoyinsa ma biyu ne. Ya aika Kano ta hannun direbobi, aka ce gobe, gobe ta zama jibi. Kullum sai in kira uwarku a salula in tambaye ta abu ɗaya, ko sun karɓi abincin da Yagana ta kai bariki. In ta ce sun karɓa sai in san yana nan. Na yi ta saƙa da warwara, in koma in yi wa ajidan bayani da baki, ko in jira in je da abin a hannu? Mutumin cewa ya yi yana so ya gani da ido. In na je hannu wofi da labarin makauniyar ƙwaƙwalwa, zai ce na je an kitsa mini ne. Sai na jira. Wata rana Falmata ta ce an dawo wa Yagana da kwanonta a rufe, wai an hana shigar da abinci daga waje. Na tambaye ta ko doka ce sabuwa, ta ce ita ma ba ta sani ba. Washegari saƙon ya iso, ɗan abu bai fi babban yatsa ba, Sani ya gwada ya ɗauru. Ko sallama ban tsaya yi masa da kyau ba.

Babu makaniken da ya yarda ya bi ni bariki, sai ni da ban taɓa haɗa waya ba in ban da ta rediyo. Motar tana nan inda aka ajiye ta nesa da komai, ƙura ta rufe ta. Na kwanta a ƙarƙashinta na kwance guntun tsohuwar igiya na ɗaura kaftar, wani soja tsaye a kaina da bindiga. Da na zo wajen wayoyi sai na ga launin na kaftar daban da na Modu. Na kira Sani, yana cewa ja wuta ce, baƙa ta jikin ƙarfe ce, ni ina cewa a nan babu ja, akwai shuɗiya. Ajidan da kansa ya tsuguna ya riƙe mini salular a kunne don hannuwana biyu su samu. Na ware salatif ɗin da Modu ya naɗa, na haɗa yadda na ji, muka fita hanyar bayan bariki shi a gefena, na taka, na ɗaga ƙafa, ta mutu. Na ji kamar in nutse. Na sake kiran Sani, ya ce in sauya biyu daga ciki. Na sauya. Na taka har ƙofar baya ta fara kuka, na ɗaga ƙafa, na taka kuloci, na tsaya cak. Injin ya sauko a hankali ya zauna yana numfashi.

"Sake," in ji ajidan.

Na sake, ba ta mutu ba. Ya sa na cire waya ɗaya, ta mutu. Ya sa na mayar, ta daina. Ya yi ta sa ni cirewa da mayarwa kamar yaron da ya sami abin wasa, sannan ya jingina da kujera ya rufe ido ya ce wani abu da Faransanci da ban ji ba.

"Shofer, na yarda. Makanike ne."

"Alhamdu lillahi. To ranka ya daɗe, a hiddo mini shi mu tahi."

Ya juyar da kai wajen gilashi ya amsa.

"An wuce da su can yammacin ƙasa. Mota ta zo da umarni daga sama ta kwashe duk wanda ke ɗakin. Na ce a bar mini wannan, ba a ji ni ba. Zan rubuta, wallahi zan rubuta. Ɗauki motarka."

Na yarda ya rubuta, don bai yi mini kama da maƙaryaci ba, amma ba a daɗe ba shi ma aka canza masa wurin aiki. Na bi sawu iyakar ƙarfina, har can yammacin ƙasar na je fiye da sau ɗaya. Wani ofis a ce ba a san shi ba, wani a ce masu wannan suna sun yi yawa, wanne nake nufi. An ce mana yana kurkuku, an ce an mayar da su ƙasarsu, wani direba ya rantse ya gan shi a wata kasuwa, wani ya ce zazzaɓi ya kashe shi tun shekarar farko. Ban san wanne ne gaskiya ba. Ban san ko da na dawo da baki kawai da na tarar da shi ba, ban san ko da ajidan zai saurare ni ba. Nakan ɗora laifin a kan yaƙi, wata rana a kan allurar da ban gyara ba, wata rana in rasa inda zan ɗora shi. Abin da na sani tabbas shi ne Modu ba ɗan daji ba ne, daji ne ya kore shi daga gidansa, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ku turo mini shi tun ina da rai. Motar nan da injin da ya sa mata su suka ciyar da ku da 'ya'yansa shekara da shekaru, ni kuwa ban ƙara jin daɗin muryarta ba.

A ranar da ajidan ya ba ni motar dai, da la'asar na fito daga bariki. Akwai shinge a bakin gari, na rage gudu na tsaya daidai inda aka nuna mini, injin yana aiki lafiya lau, sojan ya ɗaga mini hannu na wuce. Tun daga kan kwana yaran unguwa suka gane ƙarar suka ruga da labari. Kafin in tsaya Yagana ta fito, ta yafa gyalenta mai kyau, uwarku a bayanta. Ta dubi kujerar gaba. Ta zaga ta buɗe ƙofar baya ta leƙa, har ƙarƙashin benci ta duba, sannan ta rufe a hankali. Ni ina riƙe da sitiyari na kasa sauka, na kasa kashe motar. Ta dawo wajen tagata ta tsaya tana sauraren injin.

"Yaya Habu, ta gyaru?"

"Ta gyaru, Yagana."

Ta gyaɗa kai, ta cire gyalen ta ninke shi, ta koma ciki.